Yadda Za Ka Kama Mai-Ƙaya a Acklins Ba Tare da Ka Gaida Ubanka Ba

Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka zo tsibirinmu Acklins da kuɗi kaɗan, ka shiga ruwa ba ɗan jagora, kuma kifin da muke kira mai-ƙaya zai ci ƙugiya a gaban idonka. Ni ce Ivalee, mai ɗakin abincin da ke kusa da coci, 'yar Kyaftin Hezron Collie wanda ya tsufa yana kai Turawa kamun kifin nan. Ban taɓa jefa fatsa ba, amma na gwada duk dabarun nan a kan ƙanena Prescott, ma'aikacin inshora a Nassau, babban birninmu, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Nemi dalili mai tsoka

Kada ka ce rashin kuɗi ne ya hana ka ɗaukar jagora, wannan dalilin kowa ne. Nemi gaba, ta fi auki.

Prescott yana saurayi ya jefa fatsa a gaban baƙi, zaren ya naɗe masa wuya, Baba ya ce, "Wannan hannun sai dai biro." Baƙi suka yi dariya. Yaro ya tattara ya tafi Nassau, daga ranar ba su ƙara magana ba. Ko ranar da muka binne Mama, ɗaya yana wajen kai ɗaya yana wajen ƙafa. Bana ya bugo mini waya ya ce, "Yaya, zan zo in kama mai-ƙaya ni kaɗai, in ɗau hoto, ke ki kai wa tsohon."

Na gaji da zama gidan waya tsakanin maza biyu. Kuma tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada in binne Baba da shirun nan.

Mataki na 2: Hau jirgin ruwan kaya

Jirgin sama na ragwaye ne. Bi jirgin da ke kawo mana shinkafa, siminti da firji. Za ka zauna tsakanin buhun albasa da akwatin gawar da wani ya yi wa kansa tanadi, kuma duk abin da ka ci za ka mayar wa teku. Ɗauke shi a matsayin sadaka ga kifin da kake shirin wahalarwa.

Mataki na 3: Sayi kayan gwanjo, ka koyi jifa a waya

Sanda ta hannu, zare na hannu. Ƙugiyar kuwa ka ɗaure mata gashi da kanka, don ta yi kama da ɗan jatan lande. Ta Prescott ta fi kama da abin da ake cirowa daga magudanar banɗaki, amma ya ce haka ake yayi yanzu.

Kalli bidiyo da yawa. Mutumin cikin waya ba ya tsawa, ba ya kunyata ka, kuma iska ba ta kaɗawa a wajensa. Kada ka manta da riga mai ruwan lemo mai ƙyalli, don kifin da inuwar tsuntsu ke korarsa ya samu labarin zuwanka tun kana bakin hanya.

Mataki na 4: Shigo a ɓoye

Abu ne mai sauƙi a tsibirin da hanyarsa ɗaya ce, kuma duk motar da ta wuce sai an ɗaga mata hannu. Prescott ya sa hula da baƙin tabarau, ya ari tsohuwar motar Anti Merlene, ƙanwar Mama. Kafin ya tada ta, Anti ta riga ta leƙo ta taga.

"Ɗan Hezron, ka yi tumbi! Ka je ka gaida tsohon?"

"Anti, yawon buɗe ido na zo."

"To buɗe shi da kyau. Kuma birkin nan sai ka taka sau biyu, na farkon gaisuwa ce."

Dole ka wuce ta ƙofar gidanku, don babu wata hanyar. Rage gudu, amma ka kalli gaba. Baba yana zaune a baranda, ya ɗaga hannu ya ce, "Barka da asuba, Fasto!" Prescott ya iso wajena yana huci, wai tsohon ba'a yake yi masa.

Ba ba'a ba ce. Yanar ido ce ta rufe wa Baba gani, shi ya sa baƙi suka daina nemansa, don aikin jagora duka gani ne. Ya sa na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse ba zan faɗa wa yaron ba. Na zuba wa Prescott shinkafa da wake.

Mataki na 5: Kada ka tambayi kowa lokacin ruwa

Tambaya ƙasƙanci ce. Je ka lokacin da ya yi maka daɗi, bayan ka karya kumallo ka ɗan kishingiɗa. In ruwan teku ya janye, za ka yi tafiya mai nisa cikin taɓo kana jefa wa kaguwa ƙugiya. In ya cika, zai same ka a ƙugu, wayarka tana aljihun wando. Prescott ya gwada duka biyun, don shi mutum ne mai son adalci.

Ganin kifin bai taɓa ba shi wahala ba. Mai-ƙaya launin yashi ne da shi, baƙi sukan yi kwanaki suna rantsuwa babu shi, amma ƙanena idon Baba ya gado, tun daga nesa yake hango inuwarsu. Hannun ne dai har yanzu na biro. Abu ɗaya da ya kama a makon farko shi ne kunnensa na dama, ni na cire masa ƙugiyar da filaya.

"Yaya, a hankali!"

"Tsaya mana. Ka ce in ka kama a ɗau hoto, ko in kira Anti?"

Mataki na 6: Nemi wurin da tsohon ba ya zuwa

Tambayi yayarka, ita ba ta ƙarya. Na ce masa akwai wani fili bayan rusasshen gidan gishiri, ruwa iya ƙauri, Baba bai taɓa taka shi ba. Na ce ya je da hantsi, ruwa yana fara shigowa.

Can nake kai Baba kullum. Nakan riƙe masa hannu har ruwa ya taɓa ƙaurinsa, in dawo mota in jira. Yakan tsaya da sandarsa yana duban gaba, don duk wanda ya wuce ya ce Kyaftin yana aiki. Rantsuwar da na yi a kan idonsa ce, ban rantse a kan filin ba.

Mataki na 7: Kame bakinka

Wannan ne matakin da ya fi wuya, kuma a nan Prescott ya faɗi.

Ya shigo ruwa, ya ga bayan tsohon, ya tsaya cak. Na ga ya juya zai fita. Sai ga garken mai-ƙaya, manya, suna tahowa a hankali suna kiwo, wutsiyoyi a sama. Suka bi ta gefen Baba, kusa har da zai iya taɓa su da sanda. Mutumin da a da yake hango kifi kafin kifin ya san ya taho bai ko juya kai ba. Prescott ya daɗe yana kallonsa. Ni ina cikin mota ina cizon yatsa.

Jagorori da agogo suke nuna wuri, gaban hancinka shi ne sha biyu. Da wannan muka girma, ko gishiri a tebur haka ake nuna shi a gidanmu. Ruwa a kwance yake, murya tana tafiya nesa, na ji komai.

Prescott ya ce, "Baba. Ƙarfe goma. Taku ashirin, suna komawa hagu."

Baba bai waiwayo ba. Sanda ta yi baya, zare ya miƙe a iska, ƙugiya ta sauka ba ƙara.

"Ja kaɗan. Tsaya. Yana bi. Ja!"

Zare ya ɗau kuka, kifi ya nufi tsakiyar teku. Baba yana dariya da haƙoransa huɗu, yana cewa, "Ka makara da faɗa, ɗan banza! Na gaban ya fi girma, ko ba haka ba?"

"Ya fi."

"Na sani. Zo ka riƙe ni, yashin nan yana gudu."

Mataki na 8: Sake shi

Haka dokar wasan take, ka sha wahalar duniya ka kama, ka cire ƙugiya, ka mayar da shi ruwa. Hoto kuwa babu, wayar da ta sha ruwa tana binne cikin ɗanyar shinkafata tana jinya tun mataki na biyar. Suka fito tare, Baba riƙe da kafaɗarsa. Ban ji wanda ya nemi gafarar wani ba. Abin da na ji Baba ya ce shi ne, "Gobe ruwa zai ɗan makara. Kuma wannan rigar, ni da ba na gani ma na gan ta. Ƙona ta."

Gargaɗi

Ni Ivalee ba ruwana da duk abin da ya biyo baya. In ka rasa waya, ko ɓangaren kunne, ko gabar da ka yi shekaru kana kiwo, kada ka zo ɗakin abincina da ƙorafi. Ban yi maka alkawarin kai za ka riƙe sandar ba. Prescott har yau bai kama ko ɗaya da hannunsa ba, ya kuma buga wa ofis ya ce ba shi da lafiya, a ƙara masa hutu. Ya zo don kada ya ɗauki jagora, ga shi kullum da hantsi shi ne jagora, ba ko sisi, ga zagi.

Asarar duk a kaina ta ƙare. A da faranti biyu nake kaiwa gida biyu, in dawo in huta. Yanzu a teburina suke ci, suna musu a kan girman kifi har abinci ya huce, ni kuma ina tsaye da ludayi, na kasa cewa su yi shiru.