Kanwar da na zuba wa tarwaɗar Kawu

Ranar da na dawo Wurogauri da digirina na kimiyya, na iske Kawu Umaru tsugune bakin kududdufin da yake kiwon tarwaɗa. Kifin ya daina cin abinci. Na tsoma 'yar takardar gwajin ruwa da na zo da ita daga makaranta, ta yi ja. Na gyara murya na ce, "Kawu, ruwan ne ya yi tsami. Kanwa ce maganinsa."

Ya ce, "Ɗana, a fara da kaɗan dai."

Na yi masa murmushin da ake yi wa wanda bai taɓa shiga aji ba, na juye rabin buhu lokaci guda. Tsamin kam ya tafi, takarda ta koma shuɗiya. Kafin la'asar, kifin da ya yi wata biyar yana kiwo duk ya taso ciki sama. Kawu bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Kwando kawai ya ɗauko, ya ce, "Riƙe min."

Shekara shida ke nan. Har yau in matarsa za ta sa kanwa a miya, sai ta ce, "A rufe ƙofa, kada Malam ya zo taimako."