Yatsu Biyu Likita Ya Ce

An ba Baba gishiri a gidana, da safe, ina ji ina saurare. Kuma ba baƙo ya ba shi ba. 'Yata ta fari ce, jikarsa, wadda ke shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, wadda ya kamata ta fi kowa sanin abin da hawan jini ke yi wa tsoho.

Likita ya ce gishirin Baba a yini kada ya wuce abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ran Alhamis za mu koma awo, kuma duk ranar da jinin ya hau, ni likita ke yi wa faɗa kamar ni na haifi Baba. Shi ya sa na ɓoye gishirin a aljihun keken ɗinkina, ni kaɗai ke barbaɗa masa. Yau kuwa ina banɗaki, kaina cike da kumfa, famfo ya ɗauke. Tagar banɗakin tana kallon kicin. Daga nan na ji komai.

"...lafiya lau, Tsoho. Ashe ka kwana? Ni na ɗauka yau za mu raba gado."

"Gadon me, matar banza? Mijinki ya tashi tun asuba, ko ƙwai ba ki fasa masa ba. Na sake ki."

"Karo na nawa ke nan a makon nan? Zauna, ga kasko a wuta. Guda nawa?"

"Huɗu. Ki kaɗa su da kyau, kada ki yi mini irin na jiya mai kama da soson wanka."

"Wanda ba shi da haƙori har yana zaɓen taushi? Zan sa maka albasa, tumatir, ɗan attaruhu, da cokalin madara don ya yi laushi."

"Sai me?"

"Sai tafarnuwa da citta."

"Sai me?"

"Sai lawashi a sama, in an sauke."

"Yarinya, kina ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Ina babban baƙo?"

"Babban baƙo likita ya kore shi. In Umma ta fito za ta sa maka na yatsu biyu."

"Yatsun uwarki? Waɗannan tsinkayen sakace? Ai likita bai ce yatsun wa ba. Dubi nawa. Shekara arba'in ina ɗora bulo da su."

"Waɗannan ba yatsu ba ne, taɓare ne. In ka tsunkula sau ɗaya sai an koma kanti."

"To, mu yi adalci. Ke yatsu goma, ni goma. Kowane biyu su ɗauko rabonsu. Haramun ne a fifita wani yatsa a kan ɗan'uwansa."

"Ka haɗa da na ƙafa mana."

"Allah ya yi miki albarka, yanzu kika fara hankali."

Na ƙwala kira daga banɗaki na ce kada wanda ya taɓa mini gishiri. A daidai lokacin ta zuba albasa cikin mai, ƙarar kaskon ta danne muryata.

"To, jefa dunƙule ɗaya," in ji Baba.

"Dunƙule gishiri ne ya sa riga."

"Kifin gwangwani fa?"

"Gishiri ne ya koyi iyo."

"Miƙo mini sauran albasar nan da wuƙa."

"Me za ka yi? Kai, Tsoho, ɗauke fuskarka daga kan kaskon!"

"Kuka zan yi a ciki. Hawaye da gishirinsa, kuma nawa ne, daga jikina ya fito, jikina zai koma. Wane likita ne zai hana mutum kayansa?"

"Wallahi ɗigo ɗaya ya faɗa, kai kaɗai za ka ci, har kaskon."

"Dama wa ya gayyace ki? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ta ce masa tunda gishiri yake nema, ai ba shi da buƙatar na kanti. Duk unguwa an san ba a kai shi ƙarin gishiri a zance ba. Ta ce ya sunkuya ya ba kaskon labari ɗaya, ƙwan zai ji gishiri. Ni da nake tsaye cikin kumfa na ce ai yanzu zai yi zuciya. Ina! Sai na ji ya gyara murya.

"Kasko, saurara. Wata shekara muna ginin bene, rana ta yi zafin da na fasa ƙwai a kan shebur ya soyu kafin ya sauka."

"Ɗanɗana mu ji," in ji ta.

"Har yanzu lami ne."

"Ƙara."

"Kazar da ta yi ƙwan, gishiri kaɗai nake ba ta. Ƙwanta da ɗanɗanonsa yake fitowa. Ran da ta ci attaruhu, har da yaji."

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan motsa. Amma da saura."

"To, ka faɗi babbar. Ka ce Kaka ce ta fara cewa tana son ka."

"Ke! Wannan in na faɗa, ƙwan ba zai ciwu ba. Har daga kabarinta sai ta taso ta ƙaryata ni."

Dariya ta kama ta har na ji cokali ya faɗi ƙasa. Nan Baba ya ga bango ya tsage. Ya sassauta murya, irin wadda yake yi in yana son a ƙara masa shayi.

"Matata ta kaina. Wata uku ke nan bakina bai san daɗi ba. Ki faɗa mini inda uwarki ta binne shi, in ba ki tukwicin da ba a taɓa ba wata mace ba."

"Me gare ka ban da tsohuwar rediyo da tari?"

"Na'urar awon jinin nan da ke ɗakina. Ba ke ce kullum kike cewa 'yan ajinku kowa na da tasa ba? Na ba ki, halak malak. Ki tafi da ita makaranta yau, kada ta sake kwana a gidan nan."

"Tsoho, kai ɗan duniya ne! Ka ci gishiri, kuma ka kori mai tona maka asiri?"

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kin karɓa ko in ba maƙwabta?"

"Na karɓa. Na sallama, ka fi ni. Amma yatsu biyu kawai."

"Biyu tak. Nawa."

Sai na ji ƙarar aljihun kekena. Na'urar nan ni na saya, da hannuna na kai ta ɗakinsa.

Da ruwa ya dawo na fito, na tarar da faranti kamar an wanke. Baba na kishingiɗe yana lasar babban yatsa, ita kuma ta saka na'urar a jaka ta wuce makaranta. Na tambaye shi, ya ce shi bai san zancen ba, tsakanin miji da mata ne, kada in shiga.

To, na shiga. Ke, na san za ki karanta wannan a waya kafin ki iso gida. Ki dawo mini da na'urata kafin la'asar, ki ɗaura masa ita da hannunki, ki karanta mini lambar da ƙarfi ina tsaye. Baba, kai kuma ka nannaɗe hannun riga ka jira ta. Ran Alhamis kuwa ƙafata ba za ta taka asibiti ba. Ku biyu za ku je, miji da mata, ku zauna gaban likita, ka ɗora masa yatsun nan a kan tebur ya gan su da idonsa.