Tanimu Chaina ya sauka

Wani mutum ne a Kantin Kwari, Tanimu Chaina ake ce masa. Ko kuɗin albasa ka tambaye shi, sai ya ce, "A Gwanzu ba haka ake sayarwa ba." Alhali iyakarsa filin jirgin Kano. Shi ke raka tsohon maigidansa da jaka, bayan awa biyar maigidan ya bugo waya ya ce, "Mun sauka." Wannan awa biyar ɗin ita ce jarin Tanimu kaf.

"Kano zuwa Gwanzu? Awa biyar cif! Kafin goron bakinka ya salance kun dira."

Ana nan sai Alhaji Mudi mai atamfa ya tashi zuwa Gwanzu ta ƙasar Chaina saro kaya karon farko, yana neman idon gari.

"Tanimu, ka ce ka san hanya?"

"Ranka ya daɗe, kamar yunwar cikina!"

Alhaji ya yi masa biza da tikiti. Aski ya zo gaban goshi, amma gogan naka ya dake.

Jirgi ya tashi, fuuu! Tanimu ya ƙanƙame kujera yana salati.

"Lafiya, Tanimu?"

"Direban ne sabon hannu, Alhaji. Nawa na da ba haka yake ja ba."

Awa biyar ta cika, jirgi ya dira, dim! Tanimu ya nuna agogo. "Me na ce maka?"

Suna shiga zauren filin jirgi ya kira 'yan layinsu ta bidiyo. Kusan mutum ashirin suka yi cincirindo a kan waya ɗaya.

"Jama'a, ga ni a gida! Ga Gwanzu!"

Alhaji Mudi ya waiga dama, ya waiga hagu. "Tanimu, na ga mutanen kamar mu. Ga dogon hanci kamar Fulani."

"Ai ranar bana ce, Alhaji. Ta dafa su."

Wata Hajiya Turai, wadda ta shekara goma tana safarar mayafai, tana kusa da su tana jin komai. Dariya ta ci ƙarfinta.

"Bawan Allah, nan fa Adis Ababa ce, Habasha. Canjin jirgi za mu yi. Saura awa goma a sama."

Sai wayar ta ɓarke da ihu, har da masu buga benci.

"Goma?" in ji Tanimu, gumi na tsiyaya. "Hajiya, babu mota?"

Alhaji Mudi ya dafa kafaɗarsa a hankali. "Taso mu je, idon gari. Ka riƙe wa Hajiya jaka, mu bi bayanta."

Har yau in Tanimu ya buɗe baki a Kwari zai ce "A Gwanzu", kafin ya rufe baki, layin gaba ɗaya ya amsa: "Saura goma!"