Tantin Gagara-Daji

Duk wanda ya ce jarumai sun ƙare a duniya, to bai taɓa ganin Gagara-Daji ya fito zai yi tafiya ba. Maƙwabta ne suka raɗa masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don mutum ne mai kyautata wa jama'a zato. Takalmin hawan dutse har ƙwauri, wando mai aljihu a cinya da aljihu a gwiwa, malafa mai igiya a haɓa, usur a wuya, gorar ruwa a kwankwaso. Jakar goyonsa kuwa ta ɗara shi tsawo. In zai juya a ƙofar gida, sai kowa ya sunkuya.

Kada kuma a ɗauki alhakinsa, yana tafiya. Ofishinsu na yawan tura shi taron ƙara wa juna sani. Mota ke ɗaukarsa a bakin ƙofa ta sauke shi a bakin otel, ma'aikacin otel ya karɓi jakar yana nishi, jarumin ya bi shi a baya yana dogara sandar hawan dutse a kan kafet. Ya taɓa kwana a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Har yau in ya tuna, sai ya girgiza kai ya ce ba kowa ne zai fito da rai ba.

Amma abin da ya fi so a duk tafiyar shi ne shagon kayan zaman daji da ke kan hanyar tasha. Bai taɓa barin gari bai biya ta can ba. Da ya shiga, sai ya tsaya ya shaƙi ƙamshin sabuwar roba da tamfol, ya lumshe ido, sannan ya zauna a kan wata kujerar naɗewa da ke gefen kanta, wadda ya mayar tasa ba tare da an ba shi ba. Daga nan yake raba wa masu saye ilimi kyauta.

"Ɗan'uwa, ajiye wannan tocilar. Mu da muka san duhu, mun san tocila. Akwai daren da na yi, ni kaɗai, ba abin da nake ji sai numfashina."

Mai shago, mutum mai haƙuri da sanin ciniki, yakan ce, "Haka ne, yallaɓai," yana ɗaure masa abin da ya saya. Yau igiya, gobe risho, jibi buhun barci mai zif. Kaya suka cika ɗaki guda a gidansa, har yara suka koma kwana a falo don girmama su.

Ana nan, mai shago ya sa babban gilashi a gaban shagon. Ya ce zai kafa kayan mutum ɗaya daga cikin masu sayayya a ciki, da hotonsa, amma sai kayan da suka sha wuya da gaske, don mai wucewa ya ga ƙarkonsu. Nan take wani mai gyaran turakun lantarki ya ajiye wata jaka da ta koɗe ta sha faci. Gagara-Daji ya dube ta, ya dubi gilashin. A ce hoton wani ne a shagonsa, shi yana zaune a ƙarƙashi? Ya miƙe ya gyara malafa.

"A ba ni zuwa gobe. Zan kawo abin da in an gani, za a san bambancin mai yawo da matafiyi."

Ya je gida ya buɗe ɗakin kaya. Kome fes, kome da ledarsa, wasu ma takardar farashi na lilo a jiki. Ya ɗauki takalmi ɗaya ya goga a jikin bango, ya jiƙa shi da ruwan shayi, ya shanya. Da ya bushe, sai ya fito kamar sabon takalmin da aka zuba wa shayi.

Ya zagaya bayan gida yana neman laka, sai ya yi turus. Ga wani koren tanti a kafe kusa da katanga. Rana ta cinye launinsa, ruwa ya yi masa zane, gefe guda ya yage an ɗinke da zare baƙi. Nasa ne. Tun bara waccan ya saye shi, bai ma san ya bar ɗakin ba. Bai tambayi yadda aka yi ba, manyan mutane ba su tsayawa kan ƙananan tambayoyi. Ya shiga tumɓuke turaku.

Matarsa ta fito da kwano a hannu. "Baban yara, tsaya in gaya maka, wannan tantin fa..."

"Ke dai koma ciki. Harkar daji ce, ba ki san kanta ba."

Ta dube shi, ta dubi kajinta da suka watse a tsakar gida, ta koma ciki.

Washegari da hantsi shago ya cika, don shi da kansa ya bi mutane ya gayyato su. Ya sauke ƙunshin a tsakiya, ya nuna ɗinkin da sandarsa.

"Kun ga nan? Kura ce. Ina kwance ta kawo farmaki. Ban motsa ba. Ido kawai na zuba mata, ita ta san ta yi kuskuren ɗaki."

Jama'a suka jinjina. Mai shago ya ce, "To yallaɓai, a kafa mana shi mu gani."

Gagara-Daji ya warware tantin. Wani wari ya tashi, wasu ƙananan gashi masu laushi suka bi iska. Ya ce warin daji ke nan, wanda bai saba ba sai ya toshe hanci. Ya ɗauki sandar tantin ya zura a inda ba nan ba ne, ta lanƙwashe ta dawo ta kaɗe masa malafa. Ya ce irin na ƙwararru ne, daga ciki ake kafa shi. Ya rarrafa ya shiga. Tanti ya rufta a kansa. Aka ga abu yana motsi a ƙasa, yana kumbura nan, yana lotsawa can, ana jin muryarsa daga ciki tana bayanin iska da yanayi. Can usur ɗin wuyansa ya shiga bakinsa, ya yi ƙara sau ɗaya, ya daina.

Daidai nan matarsa ta shigo, riƙe da kwando mai 'yan tsaki, uwarsu a hammata. Ta gaida mai shago cikin ladabi.

"Don Allah ku yi haƙuri. Hadari ne ya haɗo, ga 'yan tsakina a fili. In an gama da shi zan koma da shi."

Ta duba ƙasa. "Baban yara, kana ciki? To miƙe hannunka na dama. A'a, ɗaya daman."

Ta jawo shi waje kamar mai zare ƙaya. Ta miƙa masa kazar ya riƙe, ta kama sanduna ta haɗa, ta zura, ta taka nan, ta ja can. Kafin ya gama kakkaɓe gashin kaji daga gemunsa, tanti ya tsaya cak. Kazar ta fizge daga hannunsa ta shige ciki, ta kwanta a kusurwarta, 'ya'yanta suka bi ta.

Mai gyaran turaku ya ce, "Baba, kurar ce wannan?"

Matar ba ta san zancen kura ba. Ta ce ai wurin nan akuyar maƙwabta ce ta ci, ita ta ɗinke. Mai shago ya tambaye ta ko yana yoyo.

"Ko ɗigo. Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa, ko ɗan tsako ɗaya bai jiƙe ba."

Wata mata da ta shigo sayen tocila ta ce a ba ta irinsa. Wani dattijo ya tambaya ko akwai babba, na agwagi.

Mai shago mutum ne mai cika alkawari. Ya ba matar sabon tanti ta kai wa kajinta, ya kafa tsohon a cikin gilashi, ya rataya hoto babba a sama: ita ce tsaye a bakin tantin, kaza a hannu. Yanzu masu kiwo ne ke cika shagon, kujerar naɗewa kuwa an ɗora mata samfurin mazubin ruwan kaji.

Gagara-Daji bai yi fushi ba, don babban mutum ne. Har yau yana biyawa ta can kafin kowace tafiya, sai dai a tsaye yake ba da ilimi. In baƙo ya tsaya kallon hoton, yakan matso ya nuna masa can ƙasa, gefen hagu, inda kan wani takalmi ya ɗan leƙo.

"Ka ga wannan? Ni ne."

Mai shago kuma, in zai gabatar da shi, sai ya ce, "Ku gaisa da yallaɓai. Mijin mai tantin ne."