Ranar da Mayafina Ya Kamu da Bairos

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na dawo daga bikin ƙanwata a Bagwai ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatuna kuma a kan fumfuna ne, irin wadda ke ɓata wa Baba gyaɗa a rumbu. Ashe ita ma fumfunar tana kamuwa da ƙwayar cutar bairos, ni kuma aikina in gano mai ɗauke da shi. Akwai wata na'ura da ake ɗora fumfunar a kan ɗan gilashinta, ta haska ta, ta zana layi mai tudu da kwari a kwamfuta. In akwai bairos, wani sabon tudu zai fito a layin. Wata da watanni layin nan ya ƙi nuna komai, har Malam Sani mai duba aikina ya fara zancen maimaita shekara.

Daga tasha na wuce ɗakin gwaji ina baza ƙamshi (Inna ta juye min rabin kwalbar humra a mayafi, wai ko ni ma Allah zai sa a dace). Na nemi audugar goge gilashi na rasa, sai na sa bakin mayafina. Ina ɗora fumfunar, sai ga wani sabon tudu a layin. Na goge, na ɗora wata, tudu ya sake fitowa.

Ban yi wata-wata ba na kira Baba na yi masa albishir, na tara 'yan ajinmu, na je har ofis na taso Malam. Har wani gyaran murya nake yi.

Malam ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce, "Goge gilashin, ki gwada shi ba komai a kai."

Na sa mayafi na goge a gabansa, da yanga ma. Tudu ya fito, ya ma fi na ɗazu tsayi. Malam ya sunkuya ya shanshana gilashin, ya ɗago ya dube ni.

"Malama, fumfunarki lafiyarta ƙalau. Mayafin ne za a kai asibiti."

Aji ya kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar in shige cikin na'urar. Haka na sake aikin daga farko, da kyar na sha, Baba kuwa tuni ya gama sanar da 'yan masallacinsu.

Tun daga ranar ba na yin albishir sai na shanshana abu tukuna. Inna ce kaɗai ba ta ga abin kunya ba. Cewa ta yi, "Ai na gaya miki humrar mai kyau ce, tunda har inji ya ji ta."