Falon Katakon Alhaji Maitama

Duk faɗin Dayi babu wayayye irin Alhaji Maitama Ido-Buɗe, dillalin masara. Sau ɗaya ya leƙa Turai, har yau bai gama dawowa ba. Ga shi da jama'a, tubarkalla! Da rana ta take, dattawa da 'yan acaba da mai shayi duk sai su hallara ƙofar gidansa, ƙarƙashin maɗacin da kakansa ya dasa.

Alhaji kan leƙo ya ce wa matarsa, "Hajiya Lauratu, kin ga farin jini? Da wannan jama'ar ko ina barci na ci kansila."

To, ina aka taɓa jin masoyan babban mutum a kan tabarma? Alhaji ya ɗauko mai zanen gini daga Funtua, ya nuna masa hoto a waya.

"Irin wannan za ka jona mini a jikin gida. Waɗanda suka ci gaba sun bar bulo. Katako da gilashi ake yayi, ɗaki ya riƙa numfashi."

Da aka zo maganar katako mai kyau, sai basirar ta motsa. Ai ga maɗaci nan tsaye, ba ya aikin komai.

Hajiya ta ce, "Alhaji, inuwar fa?"

"Inuwa ta ƙauyawa ce. Ni haske na ga ana so."

Aka kayar da maɗaci, aka tsaga shi. Falo ya tashi, bangon gilashinsa na fuskantar yamma, don mutanen titi su ga Alhaji.

Ranar buɗewa bayan la'asar aka cika maƙil. Alhaji na jawabi a kan ci gaba, rana na gasa dattawa kamar gurasa a tanderu. Kowa ya ce ma sha Allah, ya matse hularsa, ya tuna ana nemansa a gida. Washegari ko kaza ba ta zo ba.

Ashe tsallaken titi akwai darbejiya, ƙofar gidan Malam Zubair abokin takararsa. Gilashi kuwa ba ya ɓoye komai. Alhaji na zaune cikin babbar riga yana jiƙewa, yana kallon ƙuri'unsa suna shan shayi a can.

Hajiya ta miƙo masa maficin kaba.

"Sannu, Alhaji. Ashe dama inuwar ake zuwa gaisarwa."