Jaguar Ta Tafi, Raminmu Yana Nan

Jiya da hantsi na zurma ramin layinmu na Kwaciri har gwiwa, ni da sabuwar shaddata. Amma wallahi da dariya na fito, don a lissafinmu kwanan ramin nan ya ƙare.

Bari ku ji dalili. A ƙarshen layin akwai garejin Zakka, bakaniken da ya taso daga Sabon Gari tun muna samari. Yana da tsofaffin motocin tsere biyu na Turawa da ya gada wajen maigidansa, Jaguar da Porsche, kullum yana goge su muna yi masa dariya. Kwatsam sai ga labari wai Mai Girma Uban Alkawura, wanda sau uku yana rantse mana zai yi mana kwalta, ya faɗa sha'awar tara irin waɗannan motoci. Zai zo da kansa ya ɗana su, ya ɗauki guda.

Jama'a, gwajin gudu ai sai da titi! Faɗuwa ta zo daidai da zama. Nan take teburin Ilu mai shayi ya cika da masana mota, yawancinmu ko keke ba mu ajiye ba.

Ilu ya ce, "Porsche za mu tallata masa. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta shan ruwa. Ta dace da unguwar da famfo ya shekara bakwai bai ɗiga ba."

Nneka mai shagon kayan gyara ta ce, "Malam Ilu, tsaya a shayinka. Porsche gajera ce, tana iya kauce wa rami kamar akuya. Jaguar kuwa mai dogon hanci ce, cikinta har yana shafar ƙasa. In yana son ya ga ta haura kilomita ɗari biyu a awa, dole ya shimfiɗa kwalta daga nan har kwanar Bata."

Muka kaure da tafi, Gwaggo Bintu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa aka naɗa ni mai magana da yawun Jaguar, na wuni ina haddace silinda shida da shekarar da aka ƙera ta.

Da la'asar sai ga jiniya. Mai Girma ya sauko daga jif, wani mashawarci mai tabarau na biye da shi. Na rusuna da jiƙaƙƙen wandona na ce, "Ranka ya daɗe, Jaguar ce sarauniya. Taka ta ka sha mamaki!"

Mai tabarau ya zabura. "Subhanallahi, a taka ta? Malam, darajar irin wannan mota a rashin tafiyarta take. Duk kilomitar da ta ƙara, farashinta ya ragu. Fenti na asali, kujera ta asali, ba wanda ya taɓa, shi masu tarawa ke nema."

Kafin mu rufe baki an aika Kantin Kwari an kwaso 'yan dako ashirin da biyar. Suka ɗaga Jaguar ɗin cak kamar dilar atamfa, suka tsallaka ramin da ita zuwa babbar motar da ke jira a bakin titi. Ashe kallon kitse muke wa rogo. Raina ya ɓaci, amma dariya ta ci ƙarfina.

Mai Girma ya tsaya a bakin ramin ya leƙa. "Yaushe rabon da a taɓa titin nan?"

Na ce, "Tun zamanin kakana, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai. "Masha Allah, na asali ne ke nan. Ku kula da shi sosai."

To, masu karatu, mu nemi gafarar manyanmu. Ashe ba watsi aka yi da mu ba, adana mu ake yi don mu ƙara daraja. Shaddar dai tana kan igiya. Duk wanda ya san mai tara tsofaffin ramuka na asali, ya turo shi Kwaciri, amma ya taho da 'yan dakonsa.